Tutocin da Ba a Yi wa Faci

Tun da na dawo daga Ingila 'yan majalisar bakin shagona ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce da gaske ne rana ba ta fitowa, wancan ya ce da gaske ne karnukansu na da likita. Alhaji Isa mai kayan miya har cewa ya yi wai na yi fari. Nakan amsa musu sama-sama in mayar da kai kan keken ɗinki. Amma akwai abin da ba ya faɗuwa a bakin titi cikin hayaniyar 'yan acaɓa, shi ya sa na ce bari in rubuta, su huta da tambaya, ni ma in huta.

Ni tela ne, sunana Sabo. Shekara arba'in ina ɗinki a bakin bariki a Kaduna, yawancin aikina kakin soja: rage wando, ɗora igiya, liƙa suna a ƙirji. Sana'ar nan ta ɓata mini ido. Ko liman ne ya tsaya gabana, kafin in ji huɗubarsa na riga na ga inda kalmasar rigarsa ta karkace.

Abin da na gaya wa mutane shi ne zan je duba 'yata Jummai, likita a Manchester, wadda ta yi shekara uku tana roƙona in zo. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin yana Birmingham, inda surukata Rukayya take, matar babban ɗana da muke kira Soja. Shekara bakwai ke nan da aka tura su daji a Arewa maso Gabas. Aka yi artabu, wasu suka dawo, wasu aka kawo gawarsu, shi kuwa aka ce ba a gan shi ba. Ni kuma na kafe a kan cewa wanda ban ga an binne ba bai mutu ba. Ban zauna makoki ba, ban yi sadakar uku ba. Duk wanda ya ce mini Allah ya jiƙansa, sai in ce ya gyara bakinsa, Allah dai ya dawo da shi. Mahaifiyarsa ta rasu a shekara ta uku tana sauraron ƙofa, wannan kuma ya ƙara mini taurin kai.

Rukayya ta ɗauki jikata Iman ta tafi can wurin yayanta, ta yi karatun jinya, ta kama aiki. Sai labari ya iso ni cewa wani mutumin kirki ya fito yana neman aurenta. Malamai sun daɗe da gaya mata shari'a ta ba ta hanya, amma ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ta ji daga bakina. Ni kuwa na san abin da bakina zai faɗa. Akwai wata rigar kaki da Soja ya bari a shagona don in ɗora masa igiya. Duk shekara asu ya ci, ni kuma in bi ɓular da zare in cike, har sai ka ƙura ido kafin ka gane. Na ninke ta na sa a jaka. Nufina in ɗora wa Rukayya a cinya in ce ta ajiye masa. Ba sai na ƙara komai ba, na san halinta. Ba na alfahari da wannan niyya, amma ita ce ta sa na yarda na hau jirgi.

Daga Kaduna jirgin ƙasa na bi zuwa Abuja, daga nan jirgin sama. An ba mu abinci a wani ɗan faranti da bai fi tafin hannu ba, komai a lulluɓe kamar magani. Na ci burodin na mayar musu da sauran. Mun yada zango a wata ƙasa muka sake jirgi, na yi salla a zaune ban san inda gabas take ba.

A Manchester, wurin binciken kaya, na faɗa hannun wani ma'aikaci mai rawani da gemu. Na rangaɗa masa sallama cikakkiya, na ɗauka malami ne. Ya yi murmushi ya amsa da Turanci. Daga baya Jummai ta ce mini ba Musulmi ba ne, wasu mutanen Indiya ne da rawani yake cikin addininsu. Malamin nawa ya ƙwace kilishin da na yo tsaraba, gaba ɗaya, ya jefa a kwandon shara ina kallo. Sannan ya zaro rigar ya ɗaga ta sama. Ya ce, soja? Na ce, ɗana. Ya gyaɗa kai ya ninke ta, ninkin da ko makaho ba zai yi ba. Na karɓe na sake ninkewa a gabansa, layi yana jira a bayana.

Gidan Jummai yana Old Trafford, cikin jerin gidajen jan bulo da aka manna da juna. Matakalar bene tsaye take kamar tsani, ɗakin da aka ba ni kuwa in na miƙe hannu sai in taɓa bango biyu. Maƙwabci zai haɗu da kai a ƙofa ya ce maka sanyi ya yi yawa, shi ke nan an gama gaisuwa, ba ya tambayar iyali. Da safe Jummai ta ajiye mini waken gwangwani a kan burodi. Wake da sukari! Allah ya sa mai rawani bai ga ƙullin yajina ba, shi ya riƙe ni sati uku.

Ta ce, "Baba, wallahi wannan week ɗin ina on call, ba ni da lokaci sam. Amma na yi magana da baban ƙawata, zai riƙa fita da kai. Birmingham kuma sai Saturday, na riga na yi booking." Ba ta tambaye ni abin da zan gaya wa Rukayya ba. Ta ga rigar a jaka, ta rufe jakar.

Baban ƙawar tata shi ne Malam Yohanna, Kirista ɗan Wusasa, tsohon direban bas da ke zaune a Moss Side. Ya fi shekara talatin a ƙasar amma Hausarsa ta fi tawa tsabta, ga baki kamar reza. Ranar Alhamis ya ɗauke ni zuwa tsakiyar gari. Muna cikin yawo ruwa ya tsuge, irin ruwansu marar tsawa marar gargaɗi. Ya ja ni zuwa ƙofar wani tsohon coci na baƙin dutse. Na toge.

Ya ce, "Malam Sabo, shigo mana. Ba baftisma za a yi maka ba. In ma ita kake tsoro, ai a waje ake yi maka ita yanzu."

Na shiga. A bakin ƙofa na tuɓe takalmana na riƙe a hannu, don ban san yadda ake shiga wurin ibada da takalmi ba, ko na wane ne. Yohanna ya bar ni da abina yana dariya ƙasa-ƙasa.

A gefe guda akwai wani sashe da aka keɓe da katako mai sassaƙa. Ya ce wannan ɗakin sojojin garin ne, waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙe. Abin da ya fara ba ni mamaki suna ne. Ko'ina suna. A bango an sassaƙa suna a dutse. Kowace kujera da ɗan allon tagulla a bayanta, da sunan wani. Har 'yan filolin da suke durƙusawa a kai, an yi musu aikin hannu da lambar runduna da sunan mamaci. Na ɗauki ɗaya na juya bayansa, don a bayan aiki ake sanin maɗinki. Tsaf, ba ƙulli ko ɗaya a waje. A tsakiya kuma ga wani ƙaton littafi a buɗe cikin akwatin gilashi, shi ma sunaye ne layi-layi. Na tuna maƙabartarmu, inda bayan damina biyu ba ka iya nuna inda ka kwantar da mahaifinka, kuma ba ma ganin laifin hakan.

Tagogin kuwa dogaye ne, na gilashi mai launi. Ɗaya na da hoton wani soja a durƙushe ya jingina bindiga. Ta can ƙurya ba ta da hoton kowa, ja ce da ruwan goro, kamar wuta ta kama. Na matsa kusa. Ashe ba gilashi ɗaya ba ne, gutsattsari ne aka harhaɗa da dalma, kamar yadda muke haɗa ƙyallaye mu yi bargo. A ƙasa na hango inda aka yi faci, launin bai zo daidai ba. Ruwa ya ɗan tsagaita, haske ya bugo tagar, sai na ga farar rigata ta koma ja daga ƙirji zuwa gwiwa. Na yi sauri na matsa gefe.

Da na ɗaga kai ne na ga tutocin. Suna rataye a sama a jere, kowace a jikin sandarta. Wasu da sauran launi. Wasu sun yi baƙi sun yayyage, har sai da aka sa musu raga ta riƙe abin da ya rage. Ɗaya ma kusan ragar ce kawai, da 'yan zarurruka. Kuma siliki ne, mai aikin zinare, aikin da aka ɓata wata da watanni ana yi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam Yohanna, mutanen nan ba su da kunya? Sun goge tagulla tana ƙyalli, sun bar tutar mazajensu kamar tsumman goge keke? Duk garin nan ba tela?"

Ban san muryata ta tashi ba. Wata tsohuwar Baturiya da ke goge kujeru ta taho tana dogara sanda. Ta haura tamanin, sunanta Doreen, aikin sa kai take yi a wurin. Ta dubi takalman da ke hannuna, ta dube ni. Na ajiye takalman, na zaro allurar da kullum take soke a hulata na nuna mata, na nuna tutar. Na ce wa Yohanna ya gaya mata ni tela ne na sojoji, ina da sauran sati biyu, a sauko mini da ita, ba na son ko sisi.

Ya fassara. Ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannuna mai allurar ta yi magana a hankali, Yohanna yana juya mini.

"Ta ce ta gode ƙwarai. Amma wai ba a gyara su. Da gangan ne. In tuta ta gama aiki aka kawo ta nan, ba mai sake sa mata allura. A nan za ta zauna har ta zama ƙura. Abin da ya zubo kuma a tattara a binne, kamar yadda ake binne soja."

Na ce, "To ai ga taga can sun yi mata faci. Me ya sa gilashi zai samu faci, tuta ba za ta samu ba?"

Ta juya ta kalli tagar. "Ta ce taga tana kan aiki, tana tare wa masu rai iska. Tuta kuwa ta sauke nata."

Muna nan tsaye sai ga wasu tsofaffi huɗu sun shigo, da lambobin yabo a ƙirjin kwat. Ɗaya ya buɗe akwatin gilashin da makulli, ya karanta sunayen da ke shafin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya shafi ya rufe. Suka ƙame, suka juya, suka fita. Ba wa'azi, ba kuka. Yohanna ya ce haka suke yi lokaci-lokaci, in littafin ya ƙare su koma farko.

Na ce ya tambaye ta ko duk waɗannan an ga gawarsu.

Ta girgiza kai. Ta kai mu wata kujera a layi na uku ta ɗora yatsa a kan allon tagullar. Mahaifinta ne. Ya ɓace a daji a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, inda namu kakannin ma suka je, tana cikin ciki. Ba a taɓa ganin ko takalminsa ba.

"Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa yarda ba. Kullum sai ta ajiye masa faranti a tebur. Masu nema sun zo, surukarta ta ce ina, ɗana yana nan tafe. Haka ta tsufa a bakin taga." Yohanna ya saci kallona, don ya san labarina daga bakin Jummai. "Ta ce, uba dai ba ta san shi ba balle ta yi kewarsa. Uwar ce aka ƙwace mata tana ji tana gani."

Na zauna a kujerar da ke kusa da ta mahaifinta, a kan sunan wani bawan Allah da ban sani ba. Na ce wa Yohanna ya gaya mata. Ya gaya mata a taƙaice. Ta zauna kusa da ni ta yi tambaya ɗaya, wadda na gane ba sai an fassara ba. Mene ne sunansa?

Na buɗe baki, na rufe. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko sau ɗaya. Yana ƙarami nakan ce kai yaro, da ya girma na ce Soja. Yohanna ya yi mata bayanin alkunya, cewa a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kuma ba ƙi ba ne, so ne ya yi yawa har ake ɓoye shi. Ta zaro ido. Ko sau ɗaya?

Na ce, "Gaya mata na ɗinka shi dai. Ya fi sau goma na ɗinka shi a ƙirjin riga."

Ba ta matsa ba. Ta ɗan bubbuga bayan hannuna ta koma ga tsummanta. Na mayar da allurar cikin hula. Muka fito, na manta takalmana, sai da Yohanna ya koma ya ɗauko.

Ranar Asabar muka hau doguwar bas ni da Jummai zuwa Birmingham. Hanya sumul, ba rami, ba shingen 'yan sanda, ba mai tallar ƙwai. Tumaki kawai a cikin ruwa, ba makiyayi. Jakar tana kan cinyata, ban yarda an sa ta a ƙasan mota ba. Har lokacin, in gaya muku gaskiya, ban sauya niyya ba. Ina ta gaya wa kaina cewa al'adar Turawa daban, tamu daban.

Sparkhill, unguwar su Rukayya, ta fi kama da gida. A Stratford Road shagunan yadi ne jere, leshi da siliki har bakin ƙofa, ga ƙamshin gasasshen nama. Da wata rana ce, da sai an janye ni daga wurin. Ranar ko tsayawa ban yi ba.

Injiniya Kabiru, yayan Rukayya, ya tare mu da girmamawa. An yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, abinci na farko da na ci na san na ci. Iman ta shigo, 'yar shekara bakwai, ta gaida ni da Hausar da aka haddace mata da safe. Na ce amaryata ta yi tsada, ba ta zuwa ganin mijinta. Ba ta gane ba, ta amsa da wani Turanci ta hanci wanda ko Jummai sai da ta saurara. Amma da ta miƙa hannu ta ɗauki cokali, da hagu ta ɗauka. Ubanta ma bahago ne.

Sai Rukayya ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, sannu da hanya. An zo lafiya?"

Idona ya riga ya tafi inda ya saba. Atamfar da ke jikinta na san ta. Ni na ɗinka, riga da zani, a sallar ƙarshe da Soja ya yi a gida. Shuɗin ya koɗe ya koma toka-toka. A ƙarƙashin hannu ɗinkin ya taɓa farkewa an kama shi da hannu. A wuya ma haka, a gefen zani ma haka, da zaren da bai dace ba, ɗinkin wanda bai iya ba amma ya daɗe yana yi. Mace mai albashi, a unguwar da yadi ya fi abinci yawa. Na dubi fuskarta. Shekararta talatin da biyu, amma da a kasuwa na gan ta da na ce mata Hajiya.

Hannuna yana kan zik ɗin jakar. Kowa a falon yana jiran abin da zan fito da shi. Na tuna tsohuwar nan da tsummanta a layi na uku. Na dubi Iman.

Na ce, "Rukayya."

"Na'am, Baba."

"Allah ya jiƙan Haruna."

Sunan ya fito mini da ƙyar, kamar ba da harshena ba. Jummai ta toshe bakinta da mayafi. Rukayya ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba, don ta tabbatar ni na faɗa. Ta ce amin, sannan ta kifa kai a kan kafet ta fashe da kukan da ta riƙe shekara bakwai saboda ni. Ni ma na yi. Ban ji kunyar kowa ba.

Bayan la'asar Kabiru ya buga waya, Hausawan unguwar suka riƙa shigowa, wasu da kayan aiki a jikinsu. Aka zauna a ƙasa aka yi addu'a. Kowa ya miƙo hannu ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Na ce amin, na sake cewa amin, har muryata ta dushe. Zaman makokin ɗana a falon wani gida a Birmingham aka yi shi, ana ruwa a waje.

Kafin mu tafi na fito da rigar. Na ari reza na warware sunan da ke ƙirji a hankali, zare bayan zare, na sa wa Iman a tafin hannunta na hagu. Ta karanta shi da ƙarfi da irin lafazinsu. Rigar kuma na mayar jaka. Na ce wa Kabiru in ta gama takabar da malamai suka ce ta yi, mutumin ya turo magabatansa, ni zan tsaya a matsayin uba.

To, 'yan majalisa, kun ji yadda Ingila take. Rana tana fitowa, ba ta dai daɗewa. Karnuka kuma da likitansu.

Rigar nan da kuke gani a rataye a kan ƙusa bayan kekena, wadda Alhaji Isa ya ce in sa a leda kada ta lalace, ita ce. Shekaranjiya ina share shago na ga asu ya yi mata sabuwar ɓula a kafaɗar hagu, 'yar ƙarama, aikin minti biyar. Kafin in ankara hannuna ya kai kan hula, har na taɓa allurar. Sannan na sauke hannun na ci gaba da shara.